Tambaya da Amsa: Kowa da akawun ɗinsa, shin ƙwayar cuta za ta iya shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wurin aikinmu mu goma sha biyu ne ke amfani da kwamfuta ɗaya mai Linux, kowa da akawun ɗinsa da kalmar sirrinsa. An ce mana ƙwayar cutar kwamfuta ba ta kama irin wannan tsari. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an zuzuta ta. Ƙwayar cuta da ikon wanda ya buɗe ta take aiki. A Linux da sauran dangin Unix, kowane fayil yana da mai shi, an kuma rubuta wanda zai iya karanta shi, canza shi ko kunna shi. Idan ma'aikaci ɗaya ya kunna gurɓataccen fayil, ɓarnar takan tsaya a kayansa, ba ta taɓa babbar manhajar ba. Sai dai kayan nasa kam sun shiga uku, har da duk wata folda ta haɗaka da yake da izinin rubutu a ciki. Manhajar garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa iyakar abin da take buƙata ke nan.

Babban haɗarin shi ne ta haura zuwa akawun ɗin root, mai iko da komai. Hanya mafi sauƙi ita ce mai kula da kwamfutar ya kunna wata manhaja da wani ya ajiye. Tun 1983 masanin kwamfuta Fred Cohen ya nuna haka a kan kwamfutar VAX mai Unix: sau biyar ya gwada, kowane karo ya samu cikakken iko cikin ƙasa da awa ɗaya. Ɗaya hanyar kuma ɓaraka ce a jikin manhajar kanta. Wadda aka sa wa suna Dirty COW an gano ta a 2016, bayan ta shafe kusan shekara tara a cikin Linux, kuma da ita kowane ƙaramin akawun zai iya zama root. Shi ya sa sabunta manhaja ya fi kowane mataki muhimmanci a wurinmu, kada a bari ya wuce mako.

Sai a duba su wa ke da ikon sudo, wato umarnin da ke ba mutum damar yin aiki da ikon root. A nau'in Linux na Ubuntu rubuta getent group sudo don ganin sunayensu, a na Fedora kuma wheel ake kiran rukunin maimakon sudo. Cikinku mutum biyu sun isa, su ma kada su riƙa buɗe imel ko yawo a intanet da root. A sa wa foldar kowa chmod 700, umarnin da ke hana sauran ma'aikata shiga cikinta. Ita kuwa chmod 777, wadda masu gaggawa ke bugawa da zarar fayil ya ƙi buɗuwa, tamkar barin ƙofa a wangale ne, kowa zai iya musanya fayil ɗin da gurɓatacce. Umarnin find / -perm -4000 zai jero manhajojin da ke aiki da ikon mai su ko wa ya kunna su. Duk wadda ba ku san da zamanta ba, a bincike ta.

Idan kuna musayar fayiloli da masu Windows, ku sa ClamAV, manhajar gano ƙwayar cuta, ta riƙa tace foldar haɗaka, domin ƙwayar da ba ta aiki a Linux tana iya kwanciya a nan har ta samu mai ɗauka. Kwafin ajiya kuma a yi shi a faifan da ake cirewa bayan an gama.