Tafin ƙafata na ƙuna da dare amma gwajin jijiya ya ce lafiya lau

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 46, wata takwas kenan tafin ƙafafuna suna min raɗaɗi kamar na taka garwashi, musamman da dare, ko zanin rufa ya taɓa yatsuna sai in ji kamar in yi ihu. An min gwajin jijiya na lantarki an ce ba komai, yanzu har a gida an fara cewa damuwa ce kawai. Farasitamol ba ya min komai, sai na tsoma ƙafa a ruwan ƙanƙara nake samun barci. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ban duba ki ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama sosai da ciwon ƙananan jijiyoyi, kuma ba jijiyar jini nake nufi ba, jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Gwajin da aka miki manyan jijiyoyi kawai yake aunawa, masu kula da ƙarfin tsoka da jin motsi. Ƙananan kuwa, siraran zaren da ke ƙarewa a cikin fata masu ɗaukar saƙon zafi da sanyi da raɗaɗi, na'urar ba ta ganinsu sam, to kin ga mutum zai kwana yana juyi takarda kuma ta ce lafiyarsa ƙalau. Ba ƙirƙira kike ba, ki nuna wa mutanen gida wannan.

Yadda ake tabbatarwa shi ne a ɗebo 'yar fata mai faɗin milimita 3 daga wajen santimita 10 sama da idon sawu, a ƙirga zaren jijiyar da ke ciki. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne me ya jawo, don nan ne ake iya tsayar da ɓarnar. Na gaba-gaba ciwon suga ne, har wanda bai gama kamawa ba, shi ya sa awon suga na safe kaɗai bai ishe ni ba, a miki HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin sugan watanni biyu zuwa uku da suka wuce, in ya faɗa tsakanin kashi 5.7 da 6.4 an fara hanyar ciwon suga kenan, ko kuma a ba ki gulukos giram 75 ki sha a auna bayan awa 2. Sai bitamin B12, masu shan maganin suga na metformin shekara da shekaru yakan ragu musu. B6 kuma yawansa ne ke lalata jijiya, ina faɗa ne don mutane da sun ji ciwon jijiya sai su hau bitamin ba lissafi. A duba aikin thyroid (ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo), HIV, ciwon hanta nau'in C, da cutar Sjögren, wadda garkuwar jiki ke kai wa jikin kanta hari, idan idonki da bakinki na bushewa. Wasu da yawa duk binciken nan ba a gano dalili, ba laifin kowa ba ne, ana ci gaba da maganin raɗaɗin.

Farasitamol da ibuprofen ba aikinsu ba ne wannan, don ba kumburi ba ne, jijiyar ce da kanta ke aika saƙon ƙarya. Abin da ake bayarwa amitriptyline ne da dare, ko duloxetine, ko gabapentin, ko pregabalin. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, suna sa jiri da barci a farko, kuma sai an yi makonni ake gane ko sun karɓe ki, amma sai ka ga mutum ya sha kwana 4 ya ce ba ya yi ya watsar. Idan raɗaɗin ya ragu da kashi 30 zuwa 50 kika samu barci, mu a wajenmu maganin ya yi aiki. Kar a daina su farat ɗaya, kuma mai ciwon ƙoda sai an rage masa gabapentin da pregabalin. Akwai filastar lidocaine, maganin kashe zafi, da ake mannawa in wurin bai da faɗi. Tramadol dai ba na so ki fara da shi, sabo yake sawa.

Ruwan ƙanƙaran nan don Allah ki bari. Na san yana kwantar da shi na ɗan lokaci, amma ƙafar da ba ta jin sanyi daidai fata na iya lalacewa har ta yi gyambo ba ki sani ba. Ruwa mai ɗan sanyi minti 10 ya isa, ki goge tsakanin yatsu. Ruwan wanka ki gwada da gwiwar hannu, kar ki taka ƙasa ba takalmi, kullum da dare ki duba tafin ƙafa da madubi. Zanin rufa ki ɗaga shi da filo a ƙarshen gado ya daina taɓa yatsun. Tafiyar ƙafa kullum na taimakawa, balle in suga ne sila, ki fara da abin da za ki iya.

Su waɗannan jijiyoyi su ne kuma ke kula da gumi, bugun zuciya, hanji da mafitsara, don haka in kina jin jiri idan kin miƙe tsaye, ko gumi ya canza, ko cikinki na saurin cika, ki faɗa wa likitan jijiya, mutane ba sa haɗa su da ciwon ƙafa. In kuwa ƙafar ta fara rauni kina tuntuɓe, ko abin ya hau sama cikin kwanaki, ko ciwo ya fito ya ƙi warkewa, kar ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti a ranar.