Tambaya da Amsa: Kayan da kanti ya buga wa sunansa, na ƙwarai ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a unguwar Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya zo hutun sallah da tsarabar man zaitun da zuma da batura da ƙwayoyin bitamin, dukansu da suna ɗaya a jiki, wato Kirkland. Ya ce sunan na wani katafaren kanti ne, kuma kayan sun fi na sanannun kamfanoni sauƙin kuɗi, har yana ba ni shawarar ya riƙa aiko mini da su ina sayarwa. Ni kuwa na san araha ba ta ado. Abin da ya ƙara sa ni shakka shi ne da bakinsa ya ce har giya kantin yake sayarwa da wannan suna. Shin kayan na ƙwarai ne, kuma cinikin zai fisshe ni?

Wata mai karatu, Mabera

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a nema. Ƙanenki ya faɗa miki gaskiya. Kantin da yake nufi shi ne Costco, wanda aka buɗe a birnin Seattle a shekarar 1983, shi kuwa sunan Kirkland an fara buga shi a jikin kaya ne a 1995, an ɗauko shi daga garin da hedikwatar kamfanin take a wancan lokaci. Mafi yawan kayan ba kantin ne yake yin su da hannunsa ba. Yakan je wa masana'anta ya ce ta yi masa kaza bisa sharuɗɗan da ya gindaya, ta zuba a mazubinsa, ta buga sunansa. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne, domin kin san akwai 'yan kasuwar da ke sarin shinkafa a injin casa, su sa a ɗura musu a buhun da ke ɗauke da sunan shagonsu, alhali shinkafar ita ce dai wadda ke cikin buhun mai injin.

Sauƙin kuɗin yana da dalilai da za a iya ƙirgawa, kuma babu rage inganci a cikinsu. Ba kowa ke shiga kantin ya yi sayayya ba, sai wanda ya yanki katin zama mamba, wanda mafi ƙarancinsa a Amurka dala 65 ne a shekara tun daga watan Satumban 2024, kuma daga wannan kuɗi kamfanin yake samun kaso mai tsoka na ribarsa. Saboda haka ya yi wa kansa iyaka: abin da yake ɗorawa a kan kuɗin sari ba ya wuce kashi 14 cikin 100 a kayan wasu kamfanoni, ko kashi 15 a nasa. Sannan nau'o'in kayan da yake ajiyewa ba su wuce kimanin 4,000 ba, alhali babban kanti na yau da kullum yakan tara ninkin haka sau da yawa. Wanda ya zo wa masana'anta da odar abu ɗaya tirela bayan tirela, ke ma kin san farashin da za a yanka masa ba irin na mai sayen katan biyu ba ne. Ga shi kuma ba a kashe kuɗin talla a kan kayan, kuma a kan katakon da aka sauke su ake jibge su a cikin ɗaki irin na sito.

Game da inganci, akwai abubuwan da suka tabbata. Baturan nan da aka kawo miki kamfanin Duracell ne yake yin su, kamar yadda shugaban Costco na lokacin ya faɗa da kansa a 2016. Man zaitun ɗin ma yana da shaida: a 2010 cibiyar binciken zaitun ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta gwada mayukan da ake sayarwa a kantuna da sunan tatsar farko, sai kashi 69 cikin 100 na samfuran da aka shigo da su daga ƙasashen waje suka kasa cika ƙa'ida, amma na Kirkland wanda aka noma ba da takin zamani ba yana cikin waɗanda suka haye. Sai dai ki riƙe cewa kantin yakan sauya masana'anta sunan yana nan yadda yake, don haka kyan batir ba ya zama hujjar kyan zuma. Kowane kaya da nasa hukunci.

Batun giya gaskiya ne. Kantin yana cikin manyan masu sayar da giyar inabi a Amurka, kuma masu gonakin inabi a Faransa da Italiya da Kalifoniya ne suke yi masa wadda ake buga wa wannan suna. Masana'antar da ta tatsi zaitun daban, wadda ta matsi inabi daban, suna kawai suka haɗa. Hukuncin ciniki da kantin da ke sayar da haram hurumin malamanmu ne, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba. Inda nake so ki fi zuba ido shi ne ƙwayoyin bitamin ɗin, musamman masu taushi da ke da mai a ciki. Ki juya robar ki karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Idan kika ga an rubuta gelatin, to daga fata ko ƙashin dabba aka samo shi, kuma a Amurka sau da yawa na alade ne. Wani lokaci akan rubuta porcine a gefensa, wato na alade, ko bovine, wato na shanu. Wannan ya fi sunan da ke gaban robar muhimmanci a wurin mai saye Musulmi, kuma amanarsa tana wuyanki idan daga hannunki ya karɓa.

To, saura ciniki, kuma a nan ne nake jin tsoro a madadinki. Costco ba shi da reshe ko ɗaya a nahiyar Afirka, don haka duk arahar da ƙanenki ya gani a can sai ta bi ta kuɗin dako da na kwastan da canjin dala da motar da za ta ɗauko kayan daga Legas kafin ta iso Mabera. A can idan kaya bai yi wa mutum ba yakan mayar a ba shi kuɗinsa. Ke kuwa babu inda za ki mayar. Kuma tsaraba daban, haja daban: abinci ko maganin da aka shigo da shi don sayarwa yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, idan babu ita jami'ai suna da ikon kwashe shi daga kan kantarki.

Zafin garinmu ma ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Man zaitun nasu yakan zo a babbar roba mai lita 2, an yi ta ne domin gidan da ake girki da shi kullum, alhali mutanenmu galibi cokali ɗaya suke sha ko su shafa, don magani. Na taɓa sayen irin wannan babbar roba a wani shago a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. An jera ta a bakin taga inda rana ke dukanta tun hantsi, kwanan watan da ke jiki da sauran kusan shekara, amma da na buɗe a gida sai wari irin na tsohuwar gyaɗa ya buge ni, na ɗanɗana na ji ya riga ya juya. Man ba jabu ba ne, ajiya ce ta kashe shi. Zuma tana jure zafi, batura ma da dama-dama, amma mai da 'ya'yan itatuwa irin su yazawa da ƙwayoyi masu taushi ba sa jurewa, har ƙwayoyin sukan narke su manne da juna a cikin roba. Ki kuma lura da yadda Amurkawa suke rubuta kwanan wata, domin wata suke fara sawa kafin rana: 03/09/2026 a wurinsu 9 ga Maris ne, ba 3 ga Satumba ba, kuma wata shida ke tsakanin karatun biyu.

Shawarata ita ce kada ki zuba jarinki gaba ɗaya. Ki ce wa ƙanenki ya aiko da lissafin katan ɗaya na batura da na zuma tun daga rasit ɗin kantin har zuwa ƙofar shagonki, ki ɗauki lissafin ki shiga Babbar Kasuwa ki gwada da farashin makamantansu masu lambar NAFDAC. Idan ratar ba ta kai ta biya wahalarki ba, ki bar kayan a matsayin tsaraba. Wanda aka riga aka kawo miki kuwa, ki sa man zaitun ɗin a wuri mai duhu da sanyi a ƙuryar ɗaki, ki riƙa tsiyayo na mako guda a ƙaramar kwalba, ki toshe babbar da kyau.