Shugabata ta ce mini "You are on thin ice", me take nufi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sau biyu ke nan ina makara wajen miƙa rahoto a wurin aiki. Da na kai na biyun, shugabata ta karɓa ta ajiye, ta dube ni ta ce, "You are on thin ice." Na duba ƙamus na ga maganar ƙanƙara ce marar kauri. Me ya haɗa ni da ƙanƙara? Faɗa ne ko wasa?
Daga wata ma'aikaciya

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kashedi ne, kuma ina roƙonki ki ɗauke shi da gaske. Abin da take gaya miki shi ne haƙurinta ya kusa ƙarewa, kuskure ɗaya nan gaba zai iya jawo miki hukunci.

Maganar ta fito ne daga ƙasashen da sanyi ke daskarar da saman tafki a lokacin hunturu, har mutane su hau suna zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Daga sama duk ƙanƙarar kamar ɗaya take, fara fes, amma wani wurin ta yi kauri, wani wurin kuma ɓawo ne kawai, ƙarƙashinsa ruwan da zai iya kashe mutum. Shi ya sa a jihar Minnesota ta Amurka hukuma ke cewa kada a taka sai kaurin ya kai inci 4, wato kusan santimita 10. Mai tafiya a kan siririyar bai faɗa ba tukuna, amma kiris ya rage. Tun a 1841 marubucin Amurka Ralph Waldo Emerson ya rubuta cewa mai zamiya a kan irin wannan ƙanƙarar, saurinsa ne tsirarsa.

Za ki ji an ce "skating on thin ice" ko "walking on thin ice", duk ɗaya ne. In za a ambaci wanda ransa ya ɓaci, sai a sa "with": "He is on thin ice with his father." Ana kuma faɗa wa wanda ya dage kan magana alhali hujjarsa ba ta da ƙwari.

Inda na fi ganin ɗalibai na tuntuɓe shi ne su yi amfani da ita wajen yabon mai kasada, kamar wanda ya zuba jarinsa a sabuwar sana'a. Ba ta ɗauke da yabo ko kaɗan. Wanda ya tsaya wa wani ko ya faɗi gaskiya alhali zai iya cutuwa, "he stuck his neck out" ake ce masa. Kuma kada ki taɓa faɗa wa na gaba da ke "you are on thin ice", barazana zai ji.

Ki sami shugabar taki gobe da safe, ki ba ta haƙuri ba tare da dogon uzuri ba, ki tambaye ta ranar da take son rahoto na gaba, sannan ki kai mata shi kwana ɗaya kafin ranar.