Zango a bakin tekun Kalifoniya: ka je abinka, amma ka bar maganar Tijuwana

Wani ƙanenmu ya turo tambaya daga San Jose. Ya gama digiri na biyu, yanzu yana aiki da izinin OPT (izinin aikin da Amurka ke ba ɗalibin ƙasar waje bayan ya gama karatu), su uku ne suke so su ɗauki hayar mota a watan Janairu su bi hanyar bakin teku daga San Faransisko har San Diyego, suna kwana a tanti suna kallon namun ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya ce tunda an zo kusa ai sai a leƙa Tijuwana, garin Meksiko da ke bakin iyaka, a dawo. Bizar da ke fasfonsa ta ƙare, kuma yana fargabar Hajiya ta ji ta ce yana watsa kuɗi a yawo ga kuɗin makarantar ƙannensa na jira.

To ƙanena, wa alaikumus salam. Ka shirya ka tafi. Ƙarewar bizar fasfo ba ta hana ka yawo a cikin Amurka, ita biza ta shigowa ce kawai, zamanka kuma yana kan I-20 (takardar makaranta) da I-94 (shaidar shigowa) da katin EAD ɗinka (katin izinin aiki), in dai suna da rai to kana kan ƙa'ida ko ina ka nufa. Amma Tijuwana kam a'a. Da ka taka Meksiko ka fita daga Amurka kenan, kuma ita kanta Meksiko wanda ke da bizar Amurka mai rai take ɗauke wa neman tata bizar, taka kuwa ta mutu. Eh akwai wata dama ta dawowa da tsohuwar biza in tafiyar ba ta wuce kwana 30 ba, abokinka wataƙila ita ya ji, sai dai jami'in bakin iyaka ne ke da ta cewa a ranar, kuma in ya ce a'a sai neman sabuwar biza, wadda a Yulin 2025 aka mayar wa yawancin 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya ta wata uku. Saboda yinin guda ɗaya? Haba. Shi in takardunsa sun ba shi ya je ya dawo ya same ku a San Diyego.

Sannan ka sani a kan babbar hanyar I-5 wajen San Clemente akwai shingen jami'an kan iyaka, kuma masu tahowa arewa yake tarewa, wato ku a hanyar dawowa. Ba kullum suke tsayar da mutane ba amma suna iya tambaya. Dokar tarayya ta ce baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙa yawo da shaidar rajistarsa, don haka ka ɗauki fasfo, EAD na ainihi, I-20, ka buga I-94 a takarda, ka sa su a leda saboda damshi. Hoton waya kaɗai kar ka dogara da shi.

Abin da ya fi damuna ma ba shingen ba ne, ƙananan laifukan da matasa ke rainawa ne. Wiwi halal take a dokar Kalifoniya amma a dokar tarayya haramun ce, kuma shige da fice a hannun tarayya yake, ga shi wasu wuraren zangon irin su Kirk Creek a cikin dajin Los Padres suke wanda filin tarayya ne. Na san ba ka sha, amma motar haya da sunan wa aka ɗauka? Ka faɗa wa abokanka tun a gida, kar a saka komai a motar. Haka kwana a mota a gefen titi a Big Sur, yankin duwatsun bakin teku da za ku ratsa, an hana kuma suna cin tara. Wuta sai a inda aka tanada, wani lokacin ma a hana gaba ɗaya. Kamun kifi sai da lasisi, in ba a kan gadar kamun kifi ta gwamnati kake ba. Wurin kwana ku kama tun yanzu, na jiha ta ReserveCalifornia, ana buɗewa wata shida kafin ranar kuma masu kyau nan da nan suke cika, na tarayya ta Recreation.gov.

Dabbobin kuwa wallahi kun zaɓi lokaci. A Piedras Blancas kusa da San Simeon za ku tarar da waɗannan ƙattin namun ruwan masu hanci kamar na giwa sun cika rairayi, daga Disamba zuwa Maris suke haihuwa, mazan kuma suna faɗa a kan mata, namiji ɗaya yana iya wuce tan biyu, kana tsaye a kan dandamalin katako kyauta kana jin gurnaninsu da warinsu, warin kam sai haƙuri. Kifin whale mai ruwan toka a lokacin yake gangarowa daga Alaska zuwa Baja ta Meksiko, in kun yi sa'a daga tudu ma za ku hango feshin ruwansa, in kuna son kusa akwai jiragen ruwa a Monterey. Karen ruwa kuma ku tsaya a Moss Landing, za ku gan su kwance rigingine suna fasa ƙumba a ƙirji. A Pismo akwai malam-buɗe-littafi da ke taruwa a bishiyoyi lokacin sanyi. To duk wannan da ido. Akwai dokar kare namun ruwa masu shayarwa ta 1972, taɓawa ko ciyarwa ko takura musu laifi ne na tarayya, shawarar hukuma yadi 50 tsakaninka da masu kwanciya a rairayi, yadi 100 da whale. Kar son hoton status ya kai ka gaban alƙali kana kan bizar ɗalibi.

Janairu dai damina ce a can, kuma Hanya ta 1 a Big Sur ta saba zabtarewa, a 2017 ƙasa ta rufe ta a Mud Creek sama da shekara. Ku duba shafin Caltrans, hukumar hanyoyin Kalifoniya, kafin ku tashi da kuma safiyar kowace rana, in an rufe sai ku zaga ta Hanya ta 101. Gadar Bixby ta 1932 kowa na tsayawa hoto, ku samu wurin fakin na gaskiya. Gidan Hearst, katafaren gidan tarihin da ke San Simeon, ku leƙa in kuɗi ya ragu. Ruwan sanyi ƙalau yake kuma igiya na zuwa ba sallama, kar ku juya wa teku baya a kan duwatsu.

Wajen aiki, ka nemi hutun ta imel manaja ya amsa a rubuce ka ajiye. Hutun da aka amince maka ba ya shiga kwana 90 na rashin aiki da OPT ke ƙirgawa, amma ka ɓace ba izini a sallame ka, nan ƙirgen zai fara.

Sai Hajiya. Ni dai ban yarda da ɓoyewa ba, don hoto ɗaya abokinka zai ɗora a Facebook ya isa gida kafin ku dawo, kuma jin a bakin wani shi ya fi ciwo. Ka fara tura kuɗin makarantar cikakke, ka tabbatar ya shiga, sannan ka kira ta ka ce Hajiya zan ɗan fita hutu da abokai a sa mana albarka. Ka faɗa mata kuɗin mai da mota da wurin kwana ku uku za ku raba, kuma tanti ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Mafi muhimmanci ka gaya mata a Big Sur akwai wurare da yawa da babu sabis, za a iya kwana a yini ba a same ka ba, ka ba yayarka ko ƙaninka sunayen wuraren da za ku kwana da ranakun, da lambar ɗaya daga abokan tafiyar, don in ta kira sau uku ba ta shiga ba kar gida ya tashi.