Amsoshin tambayoyinku: bututun ido, maganin kemis da kuɗin komawa asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 17. Shekara huɗu da suka wuce aka harbe shi da danƙo a idon hagu, jini ya taru, daga baya ya washe. Yanzu an ce hawan jinin ido ne, magani ya kasa, za a sa masa bututu. Maƙwabciyata ta ce bututun ne ke ƙarasa ido. In yarda? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, ba sakacinki ba ne. Haka bugun ido yake. Dutse ko ƙwallo ko bakin bulala kan yaga 'yar magudanar da ruwan cikin ido ke fita ta cikinta, sai ciwon ya kwanta shekaru kafin ya taso. Awon matsin ido mai lafiya 10 zuwa 21 ne. In ya zarce haka ya daɗe, jijiyar gani ce ke mutuwa a hankali, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Bututun ɗan tiyo ne na silikon, bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, haɗe da ɗan faifai da ake ɗinkewa a jikin farin ido, can ƙarƙashin fatar sama. Ba sabon abu ba ne, tun 1969 likita Anthony Molteno ya fito da irinsa a Afirka ta Kudu. Amma maƙwabciyarki ba daga sama ta tsinci maganarta ba. A kwanakin farko ruwa na iya zurarewa fiye da kima, ido ya yi laushi. Jini na iya toshe bakin bututun. Wasu kan riƙa ganin abu bibbiyu, domin faifan na zaune kusa da naman da ke juya ido. In bakin bututun na gogar gilashin gaban ido, a hankali sai ya yi hazo. Wanda na fi tsoro shi ne tantanin da ya rufe bututun ya zaizaye, bututun ya fito fili, ƙwayar cuta ta samu hanya har cikin ido. Idon da ya taɓa rauni ko ɗinki tantaninsa ya riga ya yi tabo, saboda haka ya fi buƙatar sa ido.

Duk da haka ki yarda, domin barin matsin a sama makanta ce ba tantama. Ki gaya wa likita in yaron AS ne ko SS, akwai ƙwayar sauke matsin ido mai suna Diamox da ake kaffa-kaffa da ita ga masu sikila. Sannan ki tambayi sau nawa za ku dawo, ki ware kuɗin motar tun kafin ranar aiki. Allah ya ba shi lafiya.

Tambaya: An ce in zaɓa tsakanin bututun Ahmed da na Indiya. Mai tsadar ya fi? Daga wani mai walda a Zariya.

Amsa: Malam, ba shadda ba ce. Na Ahmed (sunan samfurin bututun ne) yana da ɗan makulli da ke rage zurarewar ruwa tun ranar farko. Na Indiya kuwa, wanda kamfanin Aurolab ke yi a birnin Madurai, ba shi da makulli, ɗaure shi ake yi da zaren da ke narkewa bayan mako biyar zuwa shida, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Kowanne da idon da ya dace da shi. Ɗauki wanda likitanka ya saba sakawa, kuma kada ka sayo da kanka a hannun dillali.

Tambaya: Mako biyar da yi mini aikin bututu, an auna an ce matsin ya sake hawa, an ƙara mini maganin ɗigawa. Ya yi tsada. Mai kemis ɗin layinmu ya ba ni wani mai sauƙi, jan idon ma har ya washe. In ci gaba da shi? Daga wani ɗan acaɓa.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye wannan kwalba yau, ka kai ta asibiti a karanta maka. Hawan da ka gani sananne ne: bayan 'yan makonni jiki kan yi wa faifan kauri, ruwa ya rage wucewa, kuma sau da yawa yakan lafa in an bi shi da magani. Aikin bai lalace ba. Kai ne kake shirin lalata shi.

Da yawa daga cikin abin da ke wanke jan ido nan take sitiroyid ne, irin su dexamethasone da betamethasone. Likita ma yakan ba da shi bayan aiki, amma da awo da wa'adi, domin a idon wasu shi kansa yana ɗaga matsi. Ido ya yi fari tas, mutum na murna, jijiya na ƙonewa. Mai kemis ba shi da na'urar awo, da me zai sani?

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya sayar da rago, ya ci bashin dangi, a yi masa aiki, sannan ya zo kan 'yar kwalba ya fara ciniki kamar mai sayen tumatir da yamma. Na taɓa ganin wani dattijo ya zaro latanoprost, maganin ɗigawa na sauke matsin ido, daga aljihun gaban riga, kwalbar da ɗumi kamar an ciro ta daga toka, takardar jikinta ta koɗe, wata uku yana lallaɓa ta don kada ta ƙare. Maganin da ake so ya zauna a firij kafin a buɗe shi ke nan! Wanda ya sayar masa ma a rana ya baje kayansa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a karɓi rasit, kwalbar da ta yi wata guda a buɗe a rabu da ita. In kuɗi ne babu, faɗa wa likita ba kunya. Timolol, shi ma na sauke matsin ido ne, ya fi sauƙin kuɗi, sai dai mai asma ba ya amfani da shi, shi ya sa likita ne zai canza maka, ba yaron shago ba.

Kuma ka nemi tabarau mai kare ido saboda ƙurar hanya. Ranar da ka ji ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko kwantsa mai ruwan ɗorawa, ko ka ɗaga fatar ido ka hango wani farin sili, kada ka jira ranar da aka rubuta maka. Kama hanya a ranar, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ce ta fi maka kusa, ko inda aka yi aikin.

Tambaya: Na ga ana tallar zumar ido a Facebook, an ce tana sauke hawan jinin ido cikin kwana bakwai. Zan iya ɗiga wa mijina a kan bututun? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: A'a. Zuma, tozali, nono, ruwan albasa, duk a'a. Idon da aka yi wa ƙofa har ciki za ki zuba wa abin da ba ki san a wace roba aka dama shi ba? Zuba masa zumar a kunu, kuɗin kuma ki ajiye na awon wata mai zuwa.