Amsa ga 'yar'uwar da ta rasa ɗiyarta

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin tambaya ko kukan da kike yi har yanzu, shekara guda bayan ciwon sikila ya ɗauke ɗiyarki, raunin bangaskiya ne. A ganina ba haka ba ne, domin a Yohanna 11:35 Yesu da kansa ya zubar da hawaye saboda Li'azaru, alhali yana sane zai tashe shi. Uwar da ta kwashe shekaru tana kwana a gefen gadon asibiti, tana neman jinin da za a ƙara wa yarinya, ba za ta saba da shirun ɗaki da wuri ba. Ni da na binne tawa, sai da na shekara 2 kafin na iya rera waƙa a Zumuntar Mata muryata ba ta sarƙe ba.