Mece ce shaida mai mara baya a kotu?

Malam, ka ce an fasa shagonka a Tudun Wada, yaronka mai shekara 11 kaɗai ya ga ɓarawon, ɗan sanda mai gabatar da ƙara kuma ya ce sai an sami shaida mai mara baya.

Abin nufi shi ne wata hujja daban, wadda ba daga bakin yaron ta fito ba, da ke nuna an yi laifin kuma wanda ake zargi ne ya yi. Dokar Shaida ta 2011 ba ta ƙayyade adadin shaidu ba, mutum ɗaya na iya wadatarwa. Amma sashe na 209 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai.

Inda mutane ke tuntuɓe: a kawo uwar yaron ta ce "ai ya gaya mini". Wannan maganar yaron ce aka maimaita, ba ta ƙara komai. Karyayyen kwaɗo ma fashin kawai yake nunawa, ba mai fashin ba. Abin da ke aiki shi ne kayanka da aka kama a hannun wanda ake zargi, kamar janareta tare da rasit mai lambarsa, ko maigadin da ya gan shi da buhu da asuba.

Kada a koya wa yaron magana, tambayoyin lauya na tona wannan nan take. In a kotun Shari'a ne, ƙa'idar shaidu daban take, sai ka ga lauya kafin ranar zama.